Kada Kunya Ta Rufe Miki Fuska, Saratu

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Da fatan motar da ta ɗauke ki daga Tsafe ta sauke ki Tudun Wada lafiya, ke da ƙawayenki masu surutu da kwanukanki. Allah ya tsare miki shiga da fita, ya tsare hanyar da ke tsakaninmu, ya sanya albarka a ɗakin da kika shiga.

Na gane abin da ya ci yayarki ne ranar da muke zaune gaban likita a Gusau, ni da ke, an daɗe da share makokinta. Kin tuna likitar nan siririya mai tabarau. Ta matso da ke bakin taga, ta ɗaga haɓarki, ta bi fuskarki da yatsa daga wannan kunci ta haye karan hanci ta sauka ɗaya kuncin. Ta ce dubi yadda ya buɗe kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Daga nan ta shiga tambaya. Ko yatsunki suna ƙagewa da safe. Ko gashi yana cika mataji. Ko kina samun gyambo a saman baki wanda ba ya zafi. Ko akwai zazzaɓin da maganin sauro ba ya kashewa. Ko fitsari yana kumfa. Ke kina amsa wasu da eh, wasu da a'a. Ni kuwa ina gefe ina amsa mata duka da eh a cikin zuciyata, amma ba a kanki ba.

Sai ta juyo ta ce, "Mama, akwai wanda ya taɓa irin wannan a gidanku?"

Na ce, "Balkisu."

Kika juyo kina kallona, don tun da aka haife ki ba ki taɓa jin sunan nan ya fito daga bakina ba.

To, share hawayenki, kada kwallin amarci ya lalace. Ba don in sa ki kuka na ɗauki biro ba. Gidan nan har yanzu ƙamshin turaren bikinki yake, Goggo Hauwa muryarta ta dishe saboda guɗa, babanki kuma yana ta yawo a unguwa yana karɓar barka kamar shi aka kai. Ni ma na yi rawa a bayan ɗaki inda na zaci ba mai ganina, ashe an gani. Ranar da likitar nan ta faɗi sunan ciwonki ban yi zaton zan ga wannan rana ba, ga shi na gan ta, na gan ki da lalle har gwiwar hannu kina dariya da cikakken gashi. Alhamdu lillahi.

Da gwaggwanninki suka zaunar da ke suna yi miki faɗan tafiya, na ji abin da suka ce: yi na yi, bari na bari, ki yi kunya, ki yi haƙuri, kada a ji bakinki. Duk gaskiya ne. Amma ni tsorona guda ne, kuma shi ne kunyar. Ina tsoron ki shiga gidan mutane ki ɓoye ciwonki don kada a ce amarya raguwa ce. Shi ya sa zan lissafa miki inda ni na yi kuskure, ki taka inda ban taka ba.

Kin san Balkisu ɗiyar fari ce. Yadda muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tsura masa ido a gaban mutane. Ana yaye ta uwata ta ɗauke ta zuwa Karakkai, can ta girma, can ta yi aure. In ta zo ganin gida, ni da ita sai ka ce masu bin juna gaba, alhali kowa ransa fari ƙal. Zan ɗaga murya in ce wa bango, "A gaya wa waccan tuwonta na nan a rufe." Ita kuma ta ce wa bangon, "A ce mata an gode." Ku kuna ta dariya. Na san takunta tun daga zaure, na san tarinta, na san yadda take tsuke baki in miya ta yi gishiri. Amma in tana gabana idona yana kan faifai ko kan murhu. Da fuskarta ta fara canzawa, a bakin maƙwabta na ji. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa fuskar ce ban tambaya ba.

Ban ce al'adar banza ce ba. Da ita aka raine ni, kuma soyayya ce a cikinta, irin wadda ba a faɗi. Sai dai ciwo bai san kara ba.

Don haka ki riƙa duban fuskarki. Kowace safiya, bayan kin yi wanka, kafin hoda ta taɓa ki, ki ɗauki madubi ki je inda haske yake. Kada ki nemi ja, irin na hotunan da ke bangon asibiti, wannan fatar wasu ce. A irin fatarmu abin duhu yake yi, kamar inda wuta ta lasa tukunya, wani lokaci da ɗan kumburi ko ɗumi. Yana son kumatu da karan hanci, yakan bar lungun nan da ke tsakanin hanci da gefen baki. Akwai kuma ɗaya irin, mai zagaye kamar kwabo, mai saɓa, gefensa baƙi tsakiyarsa fari, irin wanda ya bar miki tabo a cikin kunne. Wannan yana son kunne da fatar kai, kuma in ya zauna a kai gashin wurin ba ya dawowa in an yi sakaci. Ki sami mai kitso guda ɗaya a Tudun Wada, mai hankali, ki ce mata duk ranar da ta ga wani fili a kanki ta faɗa miki, kada ta ja gashi ta rufe don ta faranta miki. Ki buɗe baki ki leƙa sama. Aikin bai kai tafasar ruwan shayi ba.

Kuskurena na biyu, na yarda da bakin mutane. Da duhun nan ya fito wa Balkisu, Goggo Hauwa ta je Karakkai suna, ta dawo tana tafa hannu. Ta ce yarinyar nan man bilicin take shafawa, shi ne ya ƙone mata kumatu, ita ta san irinsa, duk 'yan matan Gusau haka suke. Raina ya ɓaci. Na aika a gaya wa waccan ta ji tsoron Allah ta bar fatar da ya ba ta. Kin san amsar da ta aiko? Ƙullin man kaɗanya a leda, wai ga bilicin ɗin nata, in ina so in gwada. Na yi dariya har da hawaye, na ce ja'ira. Amma daga ranar ta ƙara jawo mayafi, ta ƙara hoda, kuma ba ta sake yi wa kowa zancen fuskarta ba. Wa zai nuna abin da za a ce shi ya jawo wa kansa?

Da naki ya fito ban zarge ki ba, na riga na koyi wannan. Sai na yi wani sabon kuskuren. Na je kemis na ce a ba ni maganin ƙyasfi, aka ba ni wani ɗan mai a kwali. Kika shafa, kafin Juma'a ta zagayo fuska ta yi sumul, na ce ai ni ma likita ce. Muna dainawa ya dawo da ƙannensa. Daga baya likita ta ce irin man nan kwantar da abin yake yi a sama, ya ɓoye shi daga idon mai dubawa, in an daɗe kuma ya cinye fatar.

Saboda haka kada ki shafa komai a fuskarki sai wanda likitarki ta rubuta. Za a kawo miki. Gidan aure ba a rasa mai kawo haɗi a kwalba, wannan na haske ne, wannan na laushi ne, wannan daga Makka. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ajiye a bayan gado. Kin ga dai yadda muka kwashe da Goggo kan gyaran jiki. Ta zo da mai dilka har gida, da kurkur da su halawa, ta ce ba a taɓa kai amarya a danginmu ba a murje ta ba. Na tsaya a ƙofar ɗakinki na ce ba mai goge min fatar yarinya. Ta ce to a kai ta haka kamar buhun gero? Kika leƙo ta bayana kika ce, "Goggo, ai shi mai buhun ya gani ya ce yana so." Ta bi ki da muciya. A ƙarshe muka shirya a kan jan lalle na gargajiya, hannu da ƙafa, ban da baƙin nan mai haɗi. Kuma duk wanda ya zo bikin ya ce bai ga amarya mai kyanki ba a bana. Goggon ce ma ta fi kowa faɗi.

Na uku shi ya fi yi min nauyi, amma zan faɗe shi yadda yake. Mun rarraba ciwon Balkisu kamar naman suna, kowa da kasonsa. Ciwon gaɓoɓi muka ce sanyi ne, aka jiƙa mata saiwa. Zazzaɓi muka ce taifod, aka yi allurai. Da ya dawo muka ce sauro. Zubar gashi muka ce mai kitso ce ke ja da yawa. Gajiya muka ce aikin damina ne, wa bai gaji ba, ita da ke yini a rana tana tsinkar gyaɗa da shanyar barkono. Da ta yi ɓari muka ce rabo ne bai zo ba. Duk wanda ta je wurinsa, abu guda ta gaya masa, shi kuma ya ba ta maganin abu guda. Ba wanda ya taɓa jin labarin gaba ɗaya.

Sai wata sallah ta zo gida fuskarta ta cika, ƙafafunta sun cika takalmi. Muka yi murna. Wallahi murna muka yi, Saratu. Mata suna ta tsokanarta, aure ya karɓe ta, mijinta ya iya kiwo. Ni ma na saci kallonta ta gefen ido na ji daɗi a raina. Ashe ruwa ne, ƙoda ce ta gaza. Lokacin da aka kai ta asibiti abin ya yi nisa. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na san kwana ba ya wuce ranarsa. Amma an umarce mu da neman magani, kuma nema yana da hanya. Hanyar ita ce ki tattara komai ki kai wa mutum ɗaya. In kin shiga wurin likita kada ki zaɓi wanda ya fi girma ki bar ƙananan, ba ke za ki tantance ba. Ki faɗi na fuska, ki faɗi na yatsu, ki faɗi gajiyar da barci ba ya kashewa, ki faɗi in ƙirji yana sukarki lokacin jan numfashi, ki faɗi in yatsunki suna yin fari da sanyi. Abu uku kuma ba a jiran ranar asibiti a kansu: fitsari mai kumfa kamar an zuba omo wadda ba ta kwanciya, fatar ido da ta kumbura da safe, da takalmin da ya matse ki alhali jiya daidai yake. In kin ga ɗaya, ki ajiye ko me kike yi. In wani ya ce miki kin yi ƙiba aure ya karɓe ki, ki yi murmushi, ki shiga ɗaki ki danna ƙaurinki da yatsa. In ya lotsa ya zauna, mijinki Nasiru ya tada mota.

Na ambaci Nasiru, bari in huta da shi kaɗan, don ko sunansa na rubuta sai na yi dariya. Ban taɓa ganin direban da ke son awara kamar yaron nan ba. Kullum bas ɗinsa ta taso daga Gusau za ta Funtuwa, sai ta lalace daidai gaban teburinmu. Ya fito ya buɗe gaba ya leƙa, ya rufe, ya zo ya sayi awara. Fasinjoji suna ta masifa. Wata tsohuwa ta taɓa leƙowa ta taga ta ce, "Ɗan nan, ka aure ta mu huta, muna da asibiti." Ni ina juya awara kamar ban ji ba.

Kuma ta dalilinsa muka gyara kuskurena na huɗu. Kin tuna zuwanmu asibiti na farko. Na ce ba za mu shiga Gusau kamar 'yan gudun hijira ba. Na sa kika yi wanka, kika shafa hoda mai kauri, kika ja gira, kika sa atamfar sallah. Ga shi kuma abin ya kwanta a makon, don an yi ta hadari ba ki sha rana ba. Muka zauna gaban likita kina sheƙi kamar mai zuwa biki, ina ce masa yarinyar nan fuskarta ba lafiya. Ya duba, ya sake dubawa. Me zai gani? Aka gwada jini ba sauro, aka ba mu maganin ciwon jiki, muka dawo. Laifinmu ne, mun kai masa ciwo a rufe.

Da kika ba Nasiru labari, shi ne ya ce ai shi ya lura abin yana tashi ne duk ranar da kika yini a bakin titi. Ya nuna miki hannunsa na hagu da ke kan taga kullum, ya ce shi da rana sun san juna. Ya ce duk ranar da ya tashi ki ɗauki hotonsa a waya. Haka kika yi ta yi, na fuska, na kunne, har gashin da ke cikin mataji. Zuwanmu na biyu ba hoda, ba jan baki, ga hotuna. Shi ne aka tura mu wurin mai tabarau.

To ki riƙe wannan: ranar asibiti ba ranar kwalliya ba ce. Na san amarya ce ke, za ki ji nauyin fita da fuska haka a unguwar da ake leƙenki ta katanga. Ki sa hodar a jaka, in kin fito daga wurin likita ki shafa abinki. Kuma kada ki daina ɗaukar hoton, don abin yana da wayo, ya iya ɓuya ranar da ake nemansa.

Ki kuma yi haƙuri da masu gwaji. Kin ga dai yadda muka yi ta sintiri kafin a ba abin suna. A ɗebi jini, a karɓi fitsari, a ce wani jinin sai an aika da shi wani gari, a ce ku dawo. Har na fara gunaguni a mota ina cewa sun mayar da ke rijiya. Likitar ta zaunar da ni ta ce wannan ciwon ba a kama shi da gwaji guda, sai an haɗa abin da ido ya gani da abin da mai ciwo ya faɗa da abin da jini ya nuna, don yana kwaikwayon cututtuka da yawa. Ranar da ta ce sunansa lufus, ta ce garkuwar jiki ce da aka halitta don ta kare mutum take juyowa ta far masa. Na ce kamar kazar da ke saran 'ya'yanta ke nan. Ta ce haka. Ta ce ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa, ba man shafawa ne ya kawo shi ba, ya fi kama mata masu ƙuruciya, kuma yakan bi dangi wani lokaci amma ba dole ba. Ta ce ba a cire shi, amma ana kwantar da shi mutum ya yi rayuwarsa har tsufa.

Kin san na fito daga ɗakin nan da sauƙi a ƙirjina? Abokin gaba mai suna ya fi wanda ba a san ko wane ne ba.

Babanki ya kira Nasiru zaure ya gaya masa komai, ya ce in ya ga ba zai iya ba, ba wanda zai riƙe shi a rai. Ina bayan ƙofa. Yaron ya ce, "Baba, motar da nake ja ma sai da juyen mai a kan kari take tafiya, ban taɓa tunanin rabuwa da ita ba." Babanki ya ce ɗiyata ce mota? Ya ce a'a Baba, tuba nake. Washegari sai ga shi da lema, ba irin ta hannu ba, irin babbar nan ta masu sayar da katin waya. Ya kafa ta a kan teburin awara. Har yau tana nan, ni ke shan inuwarta.

Saura magani. Nan ma na yi nawa. Da jikinki ya yi kyau, gashi ya tsiro, kika koma cin tuwo kamar manomi, na ce ki huta da ƙwayoyin nan haka, kada su tara miki wani ciwon, ai kin warke. Kika ce, "Inna, saboda su ne na warke ɗin." Na yi fushi na yini guda, wai ɗiyar da na haifa tana koya min. Da muka koma likita ta ce ke ce da gaskiya, wasu daga cikinsu ma in aka yanke su farat ɗaya sai su kayar da mutum. To yadda kika ƙi jin maganata ranar, haka za ki ƙi jin ta duk wanda ya ce ki daina, ko wane ne. In azumi ya matso ki tambayi likita yadda za ki juya lokutan sha. Kada ki manta da duba idon da ta ce a riƙa yi saboda ƙwayar nan ta kullum. In wani ciwo ya kai ki wani asibitin ko kemis, ki fara gaya musu kina da lufus kafin su rubuta komai.

Akwai maganar da uwa ba ta yi da ɗiyarta, amma zan yi, tunda takarda ba ta da ido. Mutane za su fara kallon cikinki kafin lallenki ya goge. Ki bar su su kalla. Likita ta ce za ki iya haihuwa lafiya da yardar Allah, amma a shirya, a bari ciwon ya daɗe a kwance, a canza maganin da ke buƙatar canji tun kafin a samu. Ku je tare da mijinki ku ji daga bakinta. Ina son jika ƙwarai. Na fi son ki.

Yanzu ga kuskurena na ƙarshe, kuma wannan bai tsufa ba, na makon jiya ne. Ranar da muka je jeren ɗakinki na ƙudura a raina zan gaya wa Hajiya, uwar Nasiru. Tun daga Tsafe nake shirya maganar a mota. Matar nan ta tarbe ni kamar 'yar uwarta, ta shimfiɗa min darduma, ta kawo fura mai sanyi. Ta kama hannuna ta zagaya da ni gidan. Ta nuna min tsakar gidan, fili fetal an shafe shi da siminti, ko bishiya guda babu. Tana ta murna tana cewa nan amarya za ta yi wankinta ta yi shanyarta, rana tana zuwa har la'asar, kaya ba sa kwana da danshi. Na ce ma sha Allah.

Muka zauna. Ta ce ɗiyarki kyakkyawa ce, mai natsuwa, sai dai na ga wani ɗan tabo a kunnenta, ƙuna ce? Kin ga ƙofa ta buɗe da kanta. Na dubi fura, na dubi darduma, na ji bakina yana cewa, "Tabon ƙuruciya ne, Hajiya."

Na dawo gida ina jin haushin kaina. Na tambayi Nasiru ko shi ya gaya mata, ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, wai yaya zai yi zancen jikin matarsa da mahaifiyarsa. Babanki ya ce wannan maganar mata ce. Kin ga mu uku, manya da mu, kowa ya laɓe bayan kunyarsa ya bar ki a tsakar gidan nan.

Hajiya mutuniyar kirki ce, na ga haka a idonta. Amma in ba ta sani ba, me za ta gani? Amaryar da ba ta wanki sai da sassafe ko bayan la'asar, mai fita da lema ba ruwan sama, mai kwanciya da rana tsaka, mai zuwa asibiti alhali ga ta garau. Ba za ta ce komai ba, za ta yi shiru irin na manya. Ke kuma na san ki, shirun nan zai fi miki zafi da zagi. Za ki ɗauki bokiti ki fita rana don ki nuna ke ba raguwa ba ce. Haka yayarki ta yi a Karakkai, ba ta taɓa ce wa surukanta ta gaji ba, kuma har gobe suna yabonta da haka. Ni ba na son a yabe ki da irin wannan yabon.

Ki durƙusa ki gaishe ta, ki rufe kanki a gabanta, ki yi mata duk ladabin da aka koya miki. Amma ki gaya mata. Ki nuna mata hotunan in baki ya ƙi. Ki ce mata ba ya yaɗuwa, ki ce rana ce abokiyar gabarki ba aiki ba, a ba ki duk aikin da ke inuwa ta ga ko za ta kushe. In kin ga ba za ki iya ke kaɗai ba, ki kira ni, in hau motar mijinki in zo mu durƙusa tare, wannan karon ba zan kalli fura ba.

Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ki shiga da ƙafar dama, ya kwantar da ciwon nan kwanciyar da ba tashi. Allah ya tsare Nasiru a kan hanyar nan safe da yamma, ya kare shi daga sharrin daji da na ƙarfe. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Babanki yana sa miki albarka. Goggo Hauwa ta ce a gaya miki ta yafe zancen buhu. Ni ce Innarki, daga Tsafe.

Ɗakinki ya jeru, ba abin da muka manta, maganinki yana cikin ƙaramar kwalla ta saman kabad. Abu ɗaya ya rage. Hajiya ba ta sani ba har yanzu, kuma wankin farko yana nan tafe.